Shin Gwamnati Ta Taɓa Biyan Makiyayi Diyyar Shanunsa?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Farin Dutse, cikin Ƙaramar Hukumar Gwaram ta Jihar Jigawa. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga ma'aikatan wannan fili, ya ce shi manomi ne kuma yana taɓa kiwo, to da daminar bara wani ciwo ya faɗa wa dabbobinsa, cikin mako guda ya yi hasarar shanun huɗa biyu da saniya ɗaya mai ciki. Ya ce an zo an rubuta sunansa da na maƙwabtansa da abin ya shafa, amma har ranar da ya rubuto mana takarda shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Ana nan sai ya ji a rediyo cewa gwamnatin Amurka ta ware maƙudan kuɗi za ta raba wa masu kiwon shanu saboda fari. Shi ne yake so mu gaya masa ko labarin gaskiya ne, kuma ko a tarihin ƙasar nan an taɓa biyan makiyayi kuɗi hannu da hannu saboda dabbobinsa sun mutu.

To Malam, da farko muna yi maka jaje, Allah ya mayar maka da mafi alheri. Labarin da ka ji gaskiya ne. Cikin shekarar 2025 ma'aikatar aikin gona ta Amurka ta ba da sanarwar raba kimanin dala miliyan 1,000 ga masu kiwo waɗanda fari da gobarar daji suka cinye wa makiyaya a 2023 da 2024. Za mu zo kan wannan. Amma tun da yake tarihin gida ka fi tambaya, bari mu fara da gida, kuma sai ka yi haƙuri domin amsar tana da ɗan tsawo.

Kai da kake ƙasar Gwaram ba sai an gaya maka daɗewar saniya a wannan yanki ba. In ka je Birnin Kudu ka hau Dutsen Habude ko Dutsen Mesa, zanen da mutanen da suka bari a jikin duwatsun nan akasarinsa na shanu ne, wasu masu dogayen ƙahoni marasa tozo, irin da yanzu ba ka ganinsu a garken kowa a can. Watau tun kafin a san wani abu wai shi gwamnati ana kiwo a nan, ana kuma hasara, mai hasara kuwa danginsa da abokan zamansa ke tallafa masa.

Babbar masifar da ta fi kowace girgiza makiyayan ƙasar Hausa ita ce annobar bushiya ta wajen 1890 zuwa 1891, zamanin Sarkin Kano Bello. Ciwon ya shigo Afirka ne ta tashar jirgin ruwa ta Massawa a bakin Bahar Maliya cikin 1887, a jikin shanun da sojan Italiya suka shigo da su don abinci. Daga nan ya bi hanyar Sudan da Wadai da Barno har ya iso mana. Inda duk ya ratsa, cikin shanu goma da ƙyar ɗaya ko biyu ke tsira. Fulani suka sa wa wannan annoba suna Sannu, domin a lokacin babu abin da mutum zai iya ce wa ɗan'uwansa sai sannu. Mutumin da ya kwana da garke ya wayi gari da sanda kaɗai. Da yawa daga cikin Fulanin da ka gani yau sun zama manoma a ƙauyukanmu, kakanninsu a wannan lokaci ne suka ajiye sanda suka ɗauki fartanya. Babu wata hukuma da ke da abin biyan irin wannan hasara a wancan zamani, ga shi kuma shekara biyu bayan haka ƙasar Kano ta faɗa yaƙin basasa.

Da Turawa suka ci Kano cikin 1903, sun tarar da jangali, watau harajin shanu, suka kuwa riƙe shi hannu bibbiyu, domin yana cikin manyan hanyoyin da kuɗi ke shiga baitulmalin En'e. A nan ne, Malam, muke so ka lura da kyau, don kusan duk amsar tambayarka a nan take. Jangali bisa kai ake biyansa, saniya nawa gare ka, kuɗi nawa za ka ba da. Saboda haka da damina, lokacin da shanu ke mashekari, sai hakimi da malamansa da dogarai su fita ƙirga. Shi kuwa Bafillatani sai ya koyi dabarun kare kansa. A raba garke biyu a kora rabi cikin daji da dare, ko a tsallaka da su ƙasar wani hakimi, wanda yake kusa da iyaka kamar ku ma ya tsallaka ƙasar Bauchi sai ƙura ta lafa. Arɗo ya faɗi adadi, malamin jangali ya san ba shi ke nan ba, a yi ciniki a daidaita. Shekara wajen saba'in ana wannan wasan ɓuya. Abin da makiyayi ya gada daga iyayensa shi ne, duk ranar da ka ga ma'aikacin hukuma da takarda da alƙalami yana tambayar yawan shanunka, to karɓa ya zo yi. Ga kuma al'adar da ta riga ta zauna cewa ba a ƙirga dukiya a gaban mutane saboda baki.

Ba za a ce Turawa ba su mayar da komai ba. Da yake mutuwar shanu hasarar jangali ce, sun kafa sashen kula da lafiyar dabbobi, cikin 1924 kuma aka buɗe ɗakin binciken nan na Vom kusa da Jos, inda aka shiga yin maganin rigakafin bushiya. Aka riƙa kafa sansani a daji, makiyaya su kawo shanu a yi musu allura a tsare su na 'yan makonni. Allurar farko tana da ƙarfi, wasu shanun ma ita ke kashe su, amma da Fulani suka ga wadda ta sha ta tsira ba ta sake kamuwa, da kansu suka riƙa kora garke zuwa sansanin. A Birnin Kudu ma gwamnati ta yi gonar gwajin kiwo inda aka daɗe ana nazarin farfarun shanun nan Bunaji. To ka ga irin taimakon ke nan tun farko: magani da bincike. Kuɗi a hannun mai shanu ba ya cikin lissafi. Ko a yunwar Kakalaba ta 1914, da ta 1927, ɗan abin da hukuma ta motsa a kansa hatsi ne na mutane.

Ɗaya daga cikin manyan ayyukan da aka taɓa yi wa makiyayan Afirka a Kano aka ƙulla shi. Cikin 1961 likitocin dabbobi na ƙasashe suka yi taro a can, suka shirya gangamin da aka sani da JP15, aka fara shi cikin 1962 a ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Chadi, watau Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, da taimakon kuɗin ƙasashen Turai da Amurka. Kowace saniya a yi mata allura kyauta sau ɗaya a shekara har shekara uku, a huda mata kunne don shaida. Dattawan Farin Dutse da suka haura saba'in za su iya tuna malaman dabbobi da motocinsu da akwatunan ƙanƙara. Bushiya ta yi ƙasa ƙwarai, har mutane suka ɗauka an rabu da ita.

Sai kuma farin 1972 zuwa 1974. Wannan karon yunwa da ƙishirwa ne suka kashe dabbobi, babu allurar da za ta yi maganinsu. Arewacin Jihar Kano ta lokacin, wajen Gumel da Haɗeja da Kazaure, ya fi ku jin jiki, amma ku ma kun ga garkunan da suka gangaro daga Nijar suna neman ciyawa, kun kuma ga yadda saniya ta koma kuɗin buhun gero ko ƙasa da haka. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ba jihohin Arewa miliyoyin naira na agajin fari, jama'a da kamfanoni suka yi karo-karo, aka sayi hatsi aka rarraba ta hannun hukumomin gargajiya, aka haƙa rijiyoyi. Wanda ya sami mudu ya gode. Sai dai akwai bambancin da masu rabon agaji suka daɗe ba su kula da shi ba. Manomi in damina ta ƙi, baɗi in ruwa ya sauka ya sami iri, ya farfaɗo. Makiyayi ba haka ba ne. Karsana a rugar Fulani takan kai shekara huɗu ko biyar kafin ta yi haihuwar fari, daga nan kuma kusan shekara bibbiyu take yi tsakanin haihuwa da haihuwa, rabin 'ya'yan maza ne, wasu kuma ba za su rayu ba. Mutumin da ya rasa shanu talatin cikin arba'in zai iya shekara goma bai koma inda yake ba. Buhun dawa yana raba shi da yunwar wata guda, garken kuwa yana nan a yadda fari ya bar shi.

Abu biyu suka fito daga wannan fari. Na ɗaya, cikin 1976 aka kafa hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, wadda daga baya cikin 1999 aka sake mata fasali ta zama NEMA da ka sani yau. Na biyu kuwa shi ne faɗuwar jangali. Tun tsakiyar shekarun 1970, da kuɗin man fetur ya yawaita, gwamnati ta fara sakin wannan haraji, a tsohuwar Jihar Kano kuma abin da mutane suka fi riƙewa shi ne shelar Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ta watan Oktoba 1979 ta soke haraji da jangali. In ana maganar kuɗin da ya taɓa zama a aljihun makiyayin Arewa ta dalilin wani mataki na gwamnati, a ganinmu babu kamar wannan, ko da yake bari aka yi ba bayarwa ba. Amma ya zo da nasa. Da jangali ya tafi, littafin da ke ɗauke da sunan kowane Arɗo da ruga da adadin shanu, ko da na ƙarya ne, shi ma ya tafi. Ƙananan hukumomi kuma da suka daina samun kuɗin jangali sai suka rage damuwa da burtali da mashaya.

Cikin 1983 bushiya ta dawo. Ta shigo ta Barno daga wajen Chadi, ta tarar an yi sakaci da allura shekara da shekaru, matasan shanu duk ba su da rigakafi, kuɗin mai kuma ya ja baya a ƙarshen mulkin Alhaji Shehu Shagari. Makiyaya suka riƙa gudu da garkunansu don tsira, gudun nan kuwa shi ya ƙara yaɗa ciwon har ya game ƙasa. An ƙiyasta shanun da suka mutu sun kai wajen rabin miliyan. Inda gwamnati ta sa ƙarfinta shi ne allura, aka matsa wa Vom ta ƙara yawan abin da take yi, aka kuma sayo daga waje. Ba a gama farfaɗowa ba farin 1984 ya biyo baya. Cikin 1986 aka sake ɗaura wani gangamin na Afirka baki ɗaya, kuma a wannan karon an kai gaci: cikin 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi shelar cewa bushiya ta ƙare a duniya. Yaron da ke bin shanu yau bai san ta ba sai a bakin kakansa. In za a yi adalci, wannan taimako ne da ya fi kowace irin diyya, illa dai ba ya shiga aljihu balle a gan shi.

Wani abin da zai ba ka dariya, ko kuma takaici. Da gwamnatin tarayya ta so sanin yawan dabbobin ƙasar nan cikin 1990, ƙananan jiragen sama aka ɗauko suka riƙa shawagi ƙasa-ƙasa ana ƙirga garkuna daga sama, sa'an nan aka haɗa da binciken ƙauyuka. Lissafin ya ba da shanu wajen miliyan 14. Daga sama ana iya sanin yawan shanu, amma ba a iya sanin na wane ne.

To yanzu ga inda aka taɓa biyan kuɗi. Ran 8 ga Fabrairu 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata babbar gonar kaji kusa da Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko ke nan a nahiyar Afirka. Nan da nan ta bayyana a Kano da Filato da wasu jihohi. Da yake ciwo ne mai iya kama mutum, duniya ta tsorata. Gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta ba da umurnin a kashe duk kajin gonar da ciwon ya shiga, ta kuma yanka diyya: naira 250 kowace kaza, naira 1,000 agwagwa, naira 2,500 talo-talo, jimina kuwa naira 20,000. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 50 don yaƙi da ciwon, har da biyan diyyar. An biya mutane da dama, wannan babu shakka.

Amma duba yadda abin ya kasance. Naira 250 ba ta kai kuɗin kaza mai ƙwai a kasuwa ba, saboda haka wasu masu gonaki da suka ga kaji sun fara faɗuwa sai su yi maza su kai sauran kasuwa kafin ma'aikata su ji, ciwon ya ƙara gaba. Dole daga baya aka ɗaga farashin ya kusanci na kasuwa, sa'an nan mutane suka fara kai rahoto da kansu. Na biyu, kazar da ma'aikata suka kashe da hannunsu suka rubuta ita ake biya. Matar da kajinta goma sha biyu suka mutu a akurki a ƙauye kafin kowa ya zo, ba ta cikin lissafi. Da ciwon ya sake dawowa cikin Janairu 2015, Kano ce ta fi shan wuya, Ministan Gona na lokacin Dokta Akinwumi Adesina ya ba da sanarwar naira 1,450 kowace kaza, ko da yake masu gonaki da yawa sun daɗe suna kukan jiran kuɗinsu.

Me ya sa aka biya mai kaji? Domin gwamnati ce da kanta ta kashe masa dukiya don kare sauran jama'a, kuma kajinsa suna cikin keji wuri ɗaya, ga rasiɗin sayen 'yan tsaki, ga littafin abinci, ana iya ƙirga su a tabbatar. Haka Ingila ta yi cikin 2001 da ciwon boru ya ɓarke, aka kashe dabbobi fiye da miliyan 6, aka biya manoma sama da fam miliyan 1,000. Wannan diyya ce ta abin da hukuma ta hallaka. Dabbar da ciwo ko ruwa ko fari ya kashe kuwa, abin da ake bayarwa a kanta agaji ne, mai bayarwa ke yanka yawansa. Alal misali bayan ambaliyar 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya ware naira miliyan 17,600 aka raba wa jihohi da hukumomi, Jigawa ma ta sami rabonta. Irin wannan agaji yakan iso ne a matsayin hatsi da tabarmi da kwanon rufi da siminti, a raba bisa gida-gida. Mai bijimi biyu da mai tunkiya ɗaya layi guda suke bi.

Mu koma Amurka da ka tambaya. Su ma ba da rana ɗaya suka kai nan ba. Cikin 1934, lokacin wani mummunan fari da guguwar ƙura a tsakiyar ƙasar, gwamnatin Shugaba Roosevelt ta fita sayen shanun da ke shirin mutuwa, daga dala 4 na ɗan maraƙi zuwa dala 20 na babbar saniya. Cikin 'yan watanni ta sayi fiye da miliyan 8. Waɗanda suka rame ƙwarai aka harbe aka binne, masu ɗan dama aka yanka aka sa naman a gwangwani aka raba wa marasa aikin yi. Yau kuma suna da doka tsayayya wadda ke biyan kashi 75 cikin 100 na kuɗin dabba a kasuwa, in ta mutu saboda bala'in yanayi fiye da mutuwar da aka saba gani kowace shekara. Sai dai fa kafin a ba ka ko sisi sai ka kawo shaidar yawan dabbobinka kafin bala'in da shaidar waɗanda suka mutu: takardar likitan dabbobi, ko ta banki, ko littafin haihuwar garke, ko hoto mai kwanan wata. Kada kuma ka ɗauka can ba a jira. Cikin Oktoba 2013 dusar ƙanƙara ta kashe dubban shanu a Jihar Dakota ta Kudu, aka tarar wa'adin dokar ya ƙare, 'yan majalisa suna ta rigima, ofisoshin gwamnati ma a rufe. Sai da aka sa hannu a sabuwar doka cikin Fabrairu 2014 kana aka fara karɓar takardun mutane.

Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu gwada hanyoyi, watakila don su fari ya fi yi wa ɓarna. Ka tuna yadda aka tafiyar da agajin farin 1973 yana cikin dalilan da Seyni Kountché ya bayar da ya hamɓarar da Diori Hamani cikin Afrilu 1974. Gwamnatinsa ta yi shirin sake gina garkuna, ana ba wanda ya tsiyace 'yan dabbobi bashi. Wasu ƙungiyoyin agaji kuma suka ari al'adar Fulani ta haɓɓanaye, inda mai shanu ke ɗaura wa ɗan'uwansa karsana ta zauna wurinsa har ta haihu sau biyu ko uku, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. A farin 2005 da na 2010 kuma an yi irin abin da Roosevelt ya yi: a yankin Dakoro na Jihar Maraɗi, ƙungiyar Oxfam tare da ƙungiyar makiyaya ta AREN sun riƙa sayen ramammun shanu da kuɗin da ya fi na kasuwa, a yanka a busar da naman a raba wa mabukata, mai saniya kuma ya sami abin sayen hatsi da dusa don ya ceci sauran. Gwamnati ita ma takan sayar da dusa da angurya da rahusa a shekarar da ciyawa ta yi ƙaranci. Hikimar sayen dabba tana da rai ita ce babu gardama, ga saniya ga mai ita ga kuɗi, ba sai an rantse a kan gawar da ungulu ta riga ta cinye ba.

Kenya kuma ta ɓullo ta wata hanyar. Tun 2010 aka fara gwada wata irin inshora a yankin Marsabit, cikin 2015 gwamnati ta shigo tana biya wa talakawan makiyaya kuɗin shiga. Tauraron ɗan'adam ke duba korayen ciyawa daga sama, in ta ragu ƙasa da wani ma'auni a yanki, duk wanda ke cikin rajista a yankin sai kuɗi su shigo masa ta waya tun dabbobin ba su mutu ba. Ko a nan ɗin dai sai sunanka yana cikin rajista.

A nan gida akwai inshorar aikin gona ta gwamnatin tarayya tun 1987, wadda hukumar NAIC ke gudanarwa, tana karɓar dabbobi, gwamnati kuma na ɗauke wa manomi rabin kuɗin shiga. Galibin masu cin moriyarta waɗanda suka ci bashin banki ne aka tilasta musu yi. A Jigawa kun ga rabon awaki uku-uku ga mata a zamanin Gwamna Muhammadu Badaru Abubakar, a kiwata a biya bashin da 'ya'yansu, wanda in ka duba haɓɓanaye ce aka sa wa rigar gwamnati. Cikin Yuli 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya kafa ma'aikatar tarayya ta musamman don bunƙasa kiwo, abin da makiyaya suka daɗe suna nema. Ko za ta kai ga tsarin biyan hasara irin wanda kake tambaya, ba za ta iya ba sai ta san wane ne ke da me, makiyayi kuma ba zai faɗa ba sai ya tabbata ba jangali ne zai dawo ta bayan gida ba. Laifin wannan rashin yarda, in ka bi tarihin da muka zayyana, ba na ruga kaɗai ba ne.

Game da sunanka da aka rubuta, Malam, rubuta suna ƙiyasin ɓarna ne, ba alkawarin biya ba ne, kuma bai kamata masu rubutawa su bar mutane suna zaton kuɗi na tafe ba. Ka koma ta hannun mai unguwarku da dagaci ka tambayi inda takardar ta kwana, ku tafi ku da yawa ya fi ka tafi kai kaɗai. Nan gaba kuma, Allah ya kiyaye, in dabba ta kwanta ka kira malamin dabbobi tun tana da rai ya gani ya rubuta, in ta mutu a ɗauki hotonta da waya kafin a binne. Saniya uku cikin mako ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, irin ciwon da ke kisa farat ɗaya kamar saifa yana kama mutum, don haka kada a feɗe irin wannan dabba, kada a ci, kada a sayar wa mahauta. Duk lokacin da aka yi shelar allurar ciwon huhu ka kai sauran, ka kuma adana duk wata takarda da aka ba ka, har da ta cinikin da ka yi a kasuwar Sara ko Maigatari.